Idan Alƙalan Ɗaukaka Ƙara Suka Yi Kunnen Doki, Ina Makomar Fursuna?

A ranar 25 ga Maris, 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Sakkwato ta wanke Safiya Hussaini Tungar Tudu daga hukuncin jefewa da Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata a watan Oktoban 2001. An yi ta rubuce-rubuce a kan wannan shari'a a gida da waje, amma akwai wani ɗan ƙaramin abu da ba a cika tsayawa a kansa ba: alƙalai 4 ne suka zauna. Allah ya sa bakinsu ya zo ɗaya. Da a ce biyu sun ga a sake ta, biyu sun ga a tabbatar da hukuncin, wace magana ce za ta zama maganar kotu a ranar? Kuma a wane matsayi matar za ta kwana: wadda aka wanke, ko wadda ke jiran duwatsu?

Tambayar tana kama da ta ɗaliban lauya a ɗakin jarrabawa, amma ta shafi rai da 'yancin mutane. Ra'ayina a taƙaice shi ne: kunnen doki a kotun ɗaukaka ƙara ba hukunci ba ne, gazawa ce ta kaiwa ga hukunci. Saboda haka bai dace a bar mutum a ɗaure, balle a kashe shi, don kawai ƙuri'un alƙalai sun zo daidai ba. Ya kamata a hana aukuwarsa tun farko, idan ya auku a sake zama da gaggawa, idan kuma ya ƙi warwaruwa a ba wanda ake tuhuma ribar saɓanin.

Abin da tsarin mulki ya faɗa, da inda ya yi shiru

Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya gindaya mafi ƙarancin alƙalan da za su zauna a kowace babbar kotu. Sashe na 234 ya ce Kotun Ƙoli ba za ta zauna da ƙasa da alƙalai 5 ba, kuma sai 7 idan maganar ta shafi fassarar tsarin mulki ko haƙƙin ɗan'adam. Sashe na 247 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara mafi ƙarancin 3. Sashe na 278 ya ce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha tana cika da alƙalai aƙalla 3, sashe na 273 kuwa ya wadatar da Babbar Kotun jiha da alƙali aƙalla 1. Sannan sashe na 294 ya ɗaure maganar da cewa duk kotun da alƙalanta suka wuce ɗaya, ra'ayin masu rinjaye shi ne hukuncinta.

Mai karatu zai lura da abubuwa biyu. Na farko, in ban da zaman mutum 7 na Kotun Ƙoli, lambobin nan ƙasa ce aka shata, ba a shata sama ba, kuma ba a ce dole adadin ya zama mara ba. Uku ya halatta, huɗu ma ya halatta. Na biyu, kalmar rinjaye tana ɗauka cewa za a samu rinjayen. Tsarin mulki bai faɗi abin da za a yi ranar da aka rasa shi ba.

Abin da ya rufa mana asiri shi ne al'ada. Shugabannin kotuna sun saba kafa kwamiti na mutum 3, 5 ko 7, don haka ko an rabu akan samu wanda ya fi. A ranar 12 ga Disamba, 2008, Kotun Ƙoli ta rabu 4 da 3 a ƙarar da Muhammadu Buhari ya kai kan zaɓen Umaru Musa 'Yar'aduwa. A ranar 25 ga Satumba, 2003, alƙalai 5 na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Katsina sun wanke Amina Lawal da rinjayen 4 da 1. Duk zafin saɓanin, an tashi kowa ya san matsayinsa. Sai dai al'ada ba doka ba ce, kuma tana da ɓaraka a wurare uku.

Ƙofofi uku da kunnen doki ke shigowa

Ƙofa ta farko ita ce zama da adadi cika tun daga farko. Shari'ar Safiya misali ce. Wanda ya fi ta yawa shi ne zaman Babbar Kotu a jihohin Arewa, inda aka saba alƙalai 2 su saurari ƙararrakin da aka ɗaukako daga ƙananan kotuna. A ranar 21 ga Janairu, 2021, alƙalai 2 ne na Babbar Kotun Kano, ciki har da Babban Jojin jihar na lokacin, Mai Shari'a Nura Sagir Umar, suka soke hukuncin kisa da wata Babbar Kotun Shari'a ta yanke wa Yahaya Sharif Aminu a watan Agustan 2020, suka ba da umarnin a sake shari'ar. Ba ruwan wannan rubutu da gaskiya ko rashin gaskiyar tuhumar. Abin dubawa shi ne tsarin zaman. Rai guda aka ɗora a kan mizanin mutum biyu, kuma mutum biyu ba su da wata hanyar samun rinjaye sai dai su yarda da juna. Cewa batun na iya raba kan masana ya fito fili a watan Agustan 2022, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara reshen Kano ta rabu 2 da 1 a kan shari'ar.

Ƙofa ta biyu ita ce raguwar alƙalai bayan an fara. Alƙali mutum ne: yakan rasu, yakan kwanta ciwo, yakan yi ritaya, akan ɗaga shi zuwa kotun gaba, yakan kuma janye kansa idan ya gano yana da alaƙa da ɗaya daga cikin ɓangarorin. Kotun Ƙoli kaɗai ta rasa Mai Shari'a Sylvester Ngwuta da Mai Shari'a Samuel Oseji a 2021, da Mai Shari'a Chima Centus Nweze a 2023, dukkansu suna kan kujera. Bayan ritayar Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad a watan Oktoban 2023, alƙalan kotun sun koma 10, kafin a rantsar da sababbi 11 a Fabrairun 2024. Sashe na 294 ya toshe wani ɓangare na wannan ƙofa, domin ya yarda wani alƙali ya karanta ko ya bayyana ra'ayin abokin aikinsa da bai samu halartar ranar hukunci ba. Amma wannan na amfani ne idan akwai ra'ayin da za a bayyana. Kwamitin mutum 3 da ya koma 2 ya gaza adadin da aka gindaya wa Kotun Ɗaukaka Ƙara, dole a sake zama. Kwamitin 5 da ya koma 4 kuwa, a lissafi, bai gaza ba, kuma huɗu na rabuwa biyu-biyu.

Ƙofa ta uku ba ta buƙatar adadi cika sam. Alƙalai 3 na iya fitowa da matsaya 3: wannan ya ce a tabbatar da hukunci, wancan ya ce a sake shari'a, na ukun ya ce a sallami mutumin. Biyu sun yarda cewa hukuncin farko ba zai tsaya ba, amma babu biyun da suka yarda da abin da za a yi bayan haka.

Hanyoyi huɗu da duniya ta bi

Hanya ta farko ita ce a bar hukuncin ƙaramar kotu yadda yake. Wannan ita ce tsohuwar ƙa'idar Ingila, wadda muka gaji tsarin kotunanmu daga gare ta. A 1885 aka yi wata shari'a da har yau ake koyar da ita. Wani mutum mai suna Ashwell ya roƙi wani rancen sule ɗaya da dare. Cikin duhu mai kuɗin ya miƙa masa fam na zinariya, wanda ya kai sule 20, kowannensu yana zaton sule ne. Da Ashwell ya gano daga baya, sai ya kashe kuɗin bai mayar ba. Aka same shi da laifin sata. Da aka kai tambayar gaban alƙalai 14, ko wannan sata ce a idon doka, sai suka rabu 7 da 7. Sakamakon shi ne laifin ya tabbata a kansa. Rabin manyan alƙalan ƙasar sun ce abin da ya yi bai kai sata ba, amma sunansa ya shiga littafin ɓarayi.

Kotun Ƙolin Amurka na kan wannan turba har yanzu. Idan alƙalanta suka rabu 4 da 4, takan fitar da sanarwa ta layi ɗaya cewa hukuncin ƙasa ya tsaya, ba ta bayyana dalili, kuma wannan ba ya zama abin kafa hujja a wata shari'a. A 1989 haka ta faru a ƙarar Tompkins, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a jihar Texas: Mai Shari'a Sandra Day O'Connor ba ta shiga ba, sauran 8 suka rabu daidai, hukuncin kisan ya tsaya. A Fabrairun 2025, a ƙarar Richard Glossip na jihar Oklahoma, Mai Shari'a Neil Gorsuch ya janye kansa, aka sake zama da 8. Alƙalai 5 suka ba da umarnin a sake shari'ar.  Ita kanta kotun ta amince, a ƙarar Neil da Biggers ta 1972, cewa tabbatarwar kunnen doki ba ta nufin an yanke hukunci a kan ainihin maganar.

Hanya ta biyu ita ce a ba shugaban zama ƙuri'ar raba gardama. A nan Kaduna ma an taɓa rubuta wannan a doka. Gyaran shari'a da gwamnatin Sardauna ta yi gab da samun mulkin kai, bisa shawarar kwamitin masana na 1958 wanda Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya jagoranta, ya haifar da kundin laifuffuka na Arewa da kundin tsarin shari'ar laifuffuka, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a 1960. An kuma kafa wata kotu ta musamman don raba gardama idan aka yi saɓani kan hurumi tsakanin Babbar Kotu da Kotun Shari'ar. Mutum 4 ne a cikinta: Babban Joji, Alƙalin Alƙalai, da alƙali ɗaya daga kowane ɓangare. Dokar ta tanadi cewa idan aka rabu daidai, ra'ayin da Babban Joji ya goyi baya shi ne zai yi aiki. Magabatanmu sun hango matsalar, sun kuma rubuta mata magani. Sai dai maganin na rikicin hurumi ne tsakanin kotuna biyu, ba na ran mutum ba.

Afirka ta ɗanɗana ɗacin wannan hanya. A ranar 18 ga Yuli, 1966, Kotun Duniya da ke birnin Hague ta rabu 7 da 7 a ƙarar da Habasha da Laberiya suka kai Afirka ta Kudu kan mulkin wariyar da take yi a ƙasar da yanzu ake kira Namibiya. Shugaban kotun, Percy Spender ɗan Ostareliya, ya jefa ƙuri'a ta biyu, aka kori ƙarar. Kotun ta daɗe ba ta farfaɗo daga zubewar mutuncinta a idon ƙasashen Afirka ba. Aibin ƙuri'ar raba gardama shi ne tana mai da hujja ɗaya ta zama biyu. Girman kujera ba ya ƙara wa dalili nauyi.

Hanya ta uku ita ce a ƙara alƙali ko a sake zama. Indiya ta tanadi haka a sashe na 392 na kundin tsarin shari'ar laifuffukanta na 1973: idan alƙalan Babbar Kotu suka rabu daidai a kan ƙarar laifi, a miƙa ta tare da ra'ayoyinsu ga wani alƙali. Wannan ba baƙon gida ba ne a gare mu, domin kundinmu na Arewa daga na Sudan aka ciro shi, na Sudan kuwa daga na Indiya. Ingila ma ta gyara tafiyarta: dokar manyan kotunanta ta 1981 ta ce ƙarar da ke ƙalubalantar samun mutum da laifi sai alƙalai masu adadi mara, aƙalla 3, kuma duk inda zaman adadi cika ya rabu daidai, a sake muhawara gaban adadi mara.

Hanya ta huɗu ita ce a ba wanda ake tuhuma nasara. Brazil ta rubuta wannan ƙarara a wata doka ta watan Afrilun 2024: a shari'ar laifi, idan ƙuri'un alƙalai suka zo daidai, matsayar da ta fi sauƙi ga wanda ake tuhuma ita ce hukunci. Jamus ta tunkari abin ta wata fuska, inda dokarta ke neman kashi biyu cikin uku na ƙuri'u kafin a ɗora wa mutum laifi ko horo.

Hujjar masu cewa a bar hukuncin yadda yake

Masu goyon bayan hanya ta farko suna da hujjoji masu ƙarfi, kuma bai kamata a yi musu riƙon sakainar kashi ba.

Suna cewa kariyar sashe na 36, wadda ke ɗaukar mutum a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, ta ƙare ranar da kotun farko ta same shi da laifi. Daga nan shi ne mai nema, shi ne zai gamsar da kotun gaba cewa an yi kuskure. Idan bai samu rinjaye ba, bai gamsar ba. Suna ƙarawa da cewa alƙalin farko ya ga shaidu ido da ido, ya ji rawar muryarsu, alhali na ɗaukaka ƙara takarda kawai suka karanta. Idan aka haɗa ra'ayinsa da na rabin da suka goyi bayansa, ai an samu rinjaye. A fiƙihu ma akwai abin da ke kama da wannan: malamai sun kafa ƙa'idar cewa ijtihadi ba ya rushe ijtihadi irinsa, kuma hukuncin alƙali ba a warware shi sai ya saɓa wa nassi ko ijma'i ko ƙa'ida bayyananna. Sannan akwai iyalan wanda aka kashe ko aka yi wa fashi, waɗanda su ma suna da haƙƙi, kuma ba su ne suka sa alƙalai suka rabu ba.

Amsata ta farko ita ce, ƙirga alƙalin farko a cikin masu ƙuri'a ya rushe ma'anar ɗaukaka ƙara. Aikinsa ne ake dubawa. Wanda ake duba aikinsa ba ya zama cikin masu dubawa, balle ya zama shi ne mai raba gardama. Mutumin da doka ta ba damar ɗaukaka ƙara an yi masa alkawarin cewa wata kotu dabam za ta auna hukuncin ta faɗi matsayarta. Idan ta tashi ba ta faɗa ba, ba a cika alkawarin ba.

Ta biyu, shari'ar laifi ba ta tafiya a kan mizani ɗaya da shari'ar fili ko bashi. A rikicin gona tsakanin mutum biyu, duk wanda aka ba, ɗayan ya rasa, don haka barin abu yadda yake ba ya fifita kowa. A shari'ar laifi kuwa hukuma ce a gefe ɗaya da 'yansandanta da lauyoyinta da gidan yarinta, mutum ɗaya a ɗaya gefen. Shi ya sa sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifi har ya kore duk wata shakka ta hankali. Idan rabin gogaggun alƙalai, bayan sun karanta komai, suka ce wannan nauyi bai sauka ba, da wuya a kira shakkarsu ta marasa hankali. Fiƙihun da ya ce ijtihadi ba ya rushe ijtihadi, shi ne kuma ya ce a kau da haddi idan akwai shubuha, kuma kuskuren shugaba wajen yafewa ya fi sauƙi a kan kuskurensa wajen uƙuba. Ƙa'idar farko don zaman lafiyar hukunce-hukunce aka kafa ta. Ta biyun don jini da mutunci. Inda suka ci karo a kan rai, ta biyun ce ta fi cancantar gaba.

Akwai tambayar da ta fi waɗannan wuya. Idan saɓanin alƙalai shakka ne, me ya sa 2 da 1 ba shakka ba ne? Ai shi ma alƙali ɗayan mai hankali ne. Gaskiya ne, kuma wannan ne ya sa ban ce duk saɓani ya wanke mutum ba. Al'umma na buƙatar hanyar rufe shari'a, kuma mun amince da rinjaye a matsayin wannan hanya, da saninmu cewa masu rinjaye na iya kuskure. A Fabrairun 1979 Kotun Ƙolin Pakistan ta tabbatar da hukuncin kisa a kan Zulfikar Ali Bhutto da rinjayen 4 da 3. An fara sauraron ƙarar da alƙalai 9, ɗaya ya yi ritaya suka koma 8, wani ya kwanta ciwo suka koma 7. An rataye shi ranar 4 ga Afrilu, 1979, kuma a Maris ɗin 2024 ita kotun ta ce ba a yi masa shari'ar adalci ba. Rinjaye ba ma'asumi ba ne. Amma aƙalla a 4 da 3 kotu ta yi magana, akwai waɗanda suka sa hannu, akwai dalilan da tarihi zai kama su da su. A 4 da 4 babu wanda ya ɗauki alhakin komai, sai fursuna.

Abin da ya kamata a rubuta

A ɗauka wani matashi mai gyaran waya a kasuwar Unguwar Rimi, kotun majistare ta ɗaure shi shekara 3 bisa zargin karɓar kayan sata. Lauyansa ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu. Alƙalai biyu suka saurara, ɗaya ya ga babu shaidar cewa ya san wayar ta sata ce, ɗayan ya ga arhar da ya saye ta ta isa shaida. Ko da tsarin ya ce a sake zama, yaushe? Idan aka ɗauki shekara ɗaya da rabi kafin a haɗa sabon kwamiti, yaron ya cinye mafi yawan wa'adinsa a gidan yarin Kaduna, shagonsa ya tafi, aurensa ya watse. Jinkiri kaɗai ya isa ya mai da kunnen doki ya zama tabbatarwa. Irin waɗannan ƙananan shari'u, waɗanda jarida ba ta ɗauka, su ne suka fi yawa, kuma a matakinsu ne aka fi zama da adadi cika.

Don haka duk lokacin da Majalisar Dokokin Kaduna ta waiwayi Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2017 da dokar Babbar Kotu, ko Majalisar Tarayya ta koma kan gyaran tsarin mulki, ga ma'auni huɗu da ya kamata a gwada kowane tanadi da su.

Na farko, duk ƙarar da ke ƙalubalantar samun mutum da laifi a saurare ta da adadi mara. Idan ƙarancin alƙalai ya hana zaman mutum 3 a kowace ƙara, a fara da waɗanda suka shafi kisa, haddi, ko ɗaurin shekaru masu yawa. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin ba ya cin komai sai tsara jadawali.

Na biyu, idan duk da haka aka rabu daidai, a sake sauraro gaban kwamiti mafi girma mai adadi mara, cikin wa'adi ƙayyadadde. Sashe na 294 ya riga ya ba kotu kwana 90 ta yanke hukunci bayan kammala jawaban lauyoyi. Wannan adadi ya isa ya zama iyakar sake zaman. A tsawon wannan lokaci a dakatar da zartar da duk horon da ba a iya mayarwa, kuma a sauƙaƙa beli a laifuffukan da ba na kisa ba.

Na uku, idan wa'adin ya cika ba a zauna ba, ko aka sake rabuwa, matsayar da ta fi sauƙi ga wanda ake tuhuma ta zama hukuncin kotu. Idan rabi sun ce a sallame shi, a sallame shi. Idan saɓanin kan tsawon ɗauri ne, a ɗauki gajeren. Idan matsaya uku ce, a ɗauki ta tsakiya wadda ta fi kusa da ra'ayin biyu daga cikinsu, wato sake shari'a. Idan kuwa hukuma ce ta ɗaukaka ƙara kan wanda aka wanke, kunnen doki ya bar shi a wanke. Irin wannan hukunci ya tsaya kan mai shi kaɗai, kada ya zama abin kafa hujja, domin tambayar doka tana nan a buɗe har ranar da kotu ta samu rinjaye a kanta. Wannan kuma ba ya toshe wa hukuma hanyar zuwa kotun gaba.

Na huɗu, kada a ba kowane shugaban zama ƙuri'a biyu a shari'ar laifi, komai girman kujerarsa.

Wani zai ce ai gwamna na da ikon afuwa a sashe na 212, shugaban ƙasa a sashe na 175, su gyara abin da kotu ta kasa. Afuwa alfarma ce, tana bin ra'ayin mai mulki da yanayin siyasa, kuma wanda ke da masu kai masa magana ya fi samunta. Wanda rabin alƙalai suka ce ba a tabbatar da laifinsa ba bai kamata a tura shi layin masu neman alfarma ba.

Wani kuma zai ce abin bai cika faruwa ba, me ya sa za a ɓata lokaci? Dalilin ke nan da ya sa yanzu ne lokacin rubuta shi. Ranar da kunnen doki zai faɗo a kan shari'ar da ta raba gari, ta addini ko ta ƙabila ko ta wani babban ɗan siyasa, duk ƙa'idar da aka ɗauko a ranar za a ce don wane aka ɗauko ta. Garin da ya ga abin da Kaduna ta gani a 2000 ya san illar hukuncin da rabin jama'a suka ɗauka an shirya shi. Ƙa'idar da aka rubuta tun ba a san wanda za ta faɗa wa ba ita ce kowa zai iya haƙura da ita. Lauyoyi da tsofaffin alƙalai da malaman shari'a da ke zaune daga Unguwar Rimi zuwa Malali, da takwarorinsu na Kongo a Zariya, su ne suka fi cancanta su ɗauki daftarin su kai Zauren Lugard, tun kafin a kira sunan wanda zai fara buƙatarsa.